Ni, Maiɗakina da Star Trek: Abin da Ya Faru Cikin Wata 14

A dare na uku ne ta gyara zama, ta juyo ta dube ni, ta ce, "Malam, wai fim muke kallo ne, ko ni kake kallo?" Na rasa ta cewa, don gaskiya ta faɗa. Tun da muka kunna talabijin idona bai yi minti biyar a jere a kan allo ba. Duk abin da zai faru a shirin na san shi tun ina yaro. Abin da zai faru a fuskarta ne ban sani ba, sai na tare a can, ina jiran murmushi ko zare ido, ina ƙirga kowace hamma.

Daga wannan daren zuwa yau wata 14 ke nan. Na ga ya dace in rubuta lamarin daki-daki, da inda na yi kuskure da inda abin ya gyaru, domin na san da yawa daga cikinmu suna da wani shiri mai dogon zango da ya zame musu kamar ɗan gida, suna kuma burin abokin zamansu ya so shi. Wanda bai kalli Star Trek ba, wato shirin talabijin na Amurka a kan ma'aikatan jiragen da ke yawo a sararin samaniya, ya sani tun yanzu, dole zan buɗe ƙarshen wasu labaran.

Mu biyu, da girman abin da na ɗauko

Ina ɗan shekara 13 na fara kallon The Next Generation, ɗaya daga cikin shirye-shiryen Star Trek. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce ga farko ga ƙarshe. Wani kashi na tsinta daga tsakiya, ban san sunan kowa ba, ban san me ya sa wani mutum fari fat mai idanu ruwan ɗorawa yake magana kamar littafi ba. Da sannu na gane sunansa Data, mutum-mutumi ne, mai sanƙon nan kuma Kyaftin Picard. Na shekara ina tsintar kashi ɗaya nan, ɗaya can, ba a jere ba. A riƙe wannan, domin shi ne abin da na manta da shi lokacin da na zo gabatar da shirin ga wani.

Ita kuwa malamar firamare ce. Tana son karatu, tana son labarin iyali, wanda za a ga yadda uwa da ɗa ko mata da miji suke zaman hakuri da juna. Harbe-harbe da dodanni ba sa gabanta. Shekara bakwai muna tare tana ganina ina kallon abina bayan yara sun yi barci, ba ta taɓa hana ni ba, ba ta kuma taɓa zama ba. Wata rana da kanta ta ce, "Wai me ke cikin wannan abin da ba ka gajiya da shi?" Tambaya ce ƙarama. Ni na ɗauke ta a matsayin izinin in juye mata komai.

Komai ɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Gene Roddenberry ya ƙirƙiri shirin, tashar NBC ta Amurka ta fara nuna shi ranar 8 ga Satumba, 1966, aka yi zango uku, kashi 79, aka tsaya a 1969. The Next Generation ya zo a 1987 ya ƙare a 1994 da kashi 178. Deep Space Nine, daga 1993 zuwa 1999, kashi 176. Voyager kashi 172, Enterprise kashi 98. Bayan an yi shekara 12 babu sabon shiri a talabijin, aka dawo a 2017 da Discovery, wasu suka biyo baya. In aka haɗa duka an wuce kashi 900, ban da fina-finan silima 13. Ma'auratan da ke kallon kashi ɗaya kowane dare ba fashi, sai sun yi kusan shekara biyu da rabi kafin su ga ƙarshe. Na faɗa mata wannan lissafin da alfahari a daren farko. Daga baya ta gaya mini cewa a ranta ji ta yi kamar an miƙa mata takardar bashi.

Yunƙuri na farko: daga 1966

Na yanke cewa za mu bi yadda aka fitar da shi, tun daga tushe. Hujjata ita ce sai ta san Kirk da Spock da McCoy, manyan jaruman shirin farko, kafin ta fahimci sauran. Kashin da aka fara nunawa a duniya, The Man Trap, labarin wata halitta ce mai sauya kama, tana tsotse gishirin jikin mutane. Shi muka fara da shi. Duwatsun da ke filin wasan ana gani an san na kwali ne, kiɗan yana tashi da ƙarfi a inda ba a bukata, matan jirgin kuma an sa musu riguna iya cinya alhali jami'ai ne a bakin aiki. Ni duk na daina ganin waɗannan tun tuni. So hana ganin laifi. Ita su ta fara gani.

Abu ɗaya ya ja hankalinta, Uhura, baƙar mace a kujerar sadarwa, tana aikinta a tsakiyar manyan jirgin. Ta tambaya, "Wacece wannan?" Nan na danna rimot na tsayar da fim. Na ba ta labarin Nichelle Nichols, wadda ta fito a matsayin Uhura, da yadda aka samo sunan daga kalmar Swahili mai nufin 'yanci, da abin da ita Nichols ta sha faɗa cewa ta yi niyyar barin shirin bayan zangon farko amma Martin Luther King ya roƙe ta ta zauna, da yadda daga baya ta taya hukumar NASA neman mata da baƙaƙen fata su shiga aikin sama jannati, har na kai ga Mae Jemison da ta je sararin samaniya a 1992. Duk gaskiya ne, duk kuma abin sha'awa ne. Amma sai da na yi kusan minti 15 ina magana. Da na sake kunnawa ta riga ta manta inda labarin yake, ƙaramar wutar da ta kama a ranta kuma na zuba mata itace har ta mutu. Sunan mace kawai ta tambaya.

Dare na uku shi ne wanda na buɗe da shi. Muka tsaya.

Yunƙuri na biyu, da kashin da ya kusa rufe ƙofar

Bayan mako biyu na ce tsufan hoton ne matsalar, bari mu koma kan wanda ni na taso da shi. Muka fara The Next Generation daga farkonsa, Encounter at Farpoint, mai tsawon kashi biyu. Ta jure. Ta ce muryar Patrick Stewart, mai fitowa a matsayin Picard, tana da kwarjini, amma mutanen duk a sandare suke kamar an sa su dole. Ba ta yi ƙarya ba. Zangon farko haka yake, 'yan wasan ba su gama sanin junansu ba, marubuta kuma ana ta sauya su.

Sai muka iso Code of Honor. A wannan kashin jirgin ya je wata duniya da dukkan mutanenta baƙaƙen fata ne, aka yi musu shiga da ɗabi'u irin na tsohon zanen da Turawa ke yi wa Afirka, shugabansu ya sace wata jami'a farar fata don ya aure ta, aka ƙare da faɗan mata biyu da makami mai dafi. Na san kashin yana nan. Na san masoyan shirin da wasu daga cikin 'yan wasansa sun daɗe suna Allah wadai da shi. Na bar shi a layi saboda na ɗaure wa kaina cewa ba za mu tsallake komai ba.

Ta kalla har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Da aka gama ta ce, "Wannan ne shirin da ka ce yana mutunta kowa?" A nan na yi kuskuren da ya fi duk sauran. Maimakon in ce ta yi gaskiya, wannan kashin abin kunya ne, sai na shiga kare gida. Na ce ai zamanin ne, na ce ta yi haƙuri, daga zango na uku abin yake gyaruwa. Ta tambaye ni kashi nawa ne kafin nan. Zangon farko 26, na biyu 22 saboda yajin aikin marubuta na 1988, jimla 48, kowanne wajen minti 45. Awa 36 ke nan. Ta ce, "Malam, ni da nake tashi da asuba in shirya yara in tafi aji, awa 36 zan ba ka kafin in fara jin daɗi?" Ta miƙe ta tafi ta kwanta.

Wata uku ba mu sake tayar da maganar ba.

Abin da na gano a cikin shirun

Da farko na ji haushi, har na fara kallon abina da abin sa wa a kunne, kamar mai ɓoye wani laifi. Da haushin ya lafa na tambayi kaina me ya sa hammarta take yi mini zafi haka. Ba ni na rubuta shirin ba, ba ni da ko sisi a cikinsa. Amsar da na samu ba ta yi mini daɗi ba. Yaron nan ɗan shekara 13, wanda ba shi da abokai da yawa, wanda ya koyi yadda babba yake sauraron na ƙasa da shi daga wajen Picard, shi nake kawo mata kowane dare ina so ta ce ya yi kyau. Duk sukar da ta yi wa duwatsun kwali a kansa take sauka. Ita kuma ba ta san da shi a ɗakin ba. Abin da take gani shi ne miji ya zuba mata ido yana jiran sakamako, kamar ta zauna jarrabawa.

Sannan na tuna yadda ni na shiga. Da a ce a lokacin wani ya ɗaure ni ya ce sai na fara daga 1966 na bi layi, da ban kai ko'ina ba. Na shiga ta tsakiya, ta kashi mai daɗi, na so mutanen, sannan son ya ba ni haƙurin komawa in kalli marasa daɗin. Haƙurin da nake nema daga wajenta, ni sai bayan na kamu na same shi. Tsofaffin shirye-shiryen nan ma an gina su ne don a shiga ta ko'ina: yawancin kashi labari ne cikakke, a buɗe matsala a rufe ta cikin minti 45, saboda a zamanin mai kallo yana iya rasa na makon jiya kuma babu hanyar komawa.

Na same ta na ba ta haƙuri a kan Code of Honor musamman. Na ce ta yi daidai, ni ne na ƙi karɓa. Ta yi shiru, can ta ce za ta sake gwadawa amma da sharaɗi. Rimot a hannunta zai zauna. Ba zan ba da tarihi ba sai ta tambaya, in ta tambaya kuma amsa ɗaya. Sau ɗaya a mako. In minti 15 suka wuce bai kama ta ba, a kashe ba tare da fushi ba. A kunna rubutun ƙasan allo, don kalmomin injin jirgi suna wuce ta. Na ƙarshe, duk makon da ta kalli nawa, ni ma zan zauna in kalli nata, in kuma ajiye waya. Wannan na ƙarshen ya fi yi mini amfani fiye da yadda na zata, don a nan na ɗanɗana yadda zama baƙo a shirin wani yake, da yadda ake ji idan mai shirin yana leƙen fuskarka.

Yunƙuri na uku: kashi ɗai-ɗai

Wannan karon na zauna na yi tunanin ita, me take so a labari. Tana son a yi gardama a kan abin da ya dace da wanda bai dace ba. Sai na zaɓi The Measure of a Man, daga zango na biyu, 1989, wanda Melinda Snodgrass ta rubuta, ita kuwa ta taɓa aikin lauya. Wani masani, Maddox, yana so ya kwance Data ya ga yadda aka ƙera shi don a yi irinsa da yawa. Data ya ƙi. Aka ce ai kayan Starfleet ne, rundunar da jirgin yake ƙarƙashinta, ba shi da ikon ƙi. Aka zauna shari'a, Picard yana kare shi, aka kuma tilasta wa Riker, mataimakin Picard kuma abokin Data, ya tsaya a ɗaya ɓangaren, in ya ƙi a yanke hukunci a kan Data nan take. Babu harbi ko ɗaya. Ɗaki ne da kujeru da mutane suna magana.

Minti 15 suka wuce ba ta taɓa rimot ba. Da Riker ya cire hannun Data a gaban alƙaliya, ya zagaya bayansa ya kashe shi kamar fitila, na ji ta ja numfashi. Da Guinan, mai kula da wurin shaƙatawa na jirgin, wadda Whoopi Goldberg ta fito a matsayinta, ta nuna wa Picard cewa a kowane zamani akan sami wasu da ake ɗauka abin yarwa ne, a sa su aikin da kowa ke gudu, shi kuma ya gane bauta ake nufi, sai ta gyaɗa kai. Bayan an gama na yi shiru kamar yadda aka yi alkawari. Ita ta fara magana, kuma Riker ta kama. Ta ce shi ne ya fi ba ta tausayi, mutumin da aka sa ya yi iya ƙoƙarinsa don ya kayar da abokinsa, saboda ta haka ne kawai abokin zai sami damar a saurare shi. Na kalli kashin nan ya fi sau goma, kullum jawabin Picard nake jira. Ban taɓa tsayawa a kan Riker haka ba.

Mako na gaba Darmok, daga zango na biyar, 1991. Jirgin ya haɗu da Tamariyawa, mutanen da na'urar fassara take juya kalmominsu amma ma'anar ba ta fitowa, domin ba sa magana sai da ambaton labaransu na dā. In suna nufin haɗa kai, sai su ce Darmok da Jalad a Tanagra. Tun kafin Picard ya gano, ita ta gano. Ta ce, "Ai kamar ka ce wa wanda bai taɓa jin tatsuniya ba wane ya yi halin Gizo. Ya ji kalmar, amma bai san komai ba." Kyaftin ɗinsu, Dathon, ya ɗauke Picard ya kai shi wata duniya inda wata dabba ke farautarsu, don su sha wuya tare su sami labari guda da za su riƙa ambato, ya kuma rasa ransa a kan haka. Da aka gama ta dube ni ta ce haka nake yi mata magana tun farko, ina ambaton sunaye da shekaru ina jiran ta ji abin da nake ji, alhali ba ta kasance a wurin ba. Ba da faɗa ta faɗa ba. Na daɗe ina juya maganar.

Daga nan na yi ƙarfin hali na kawo wanda na fi so duk duniya, The Inner Light, na 1992, wanda ya ci kyautar Hugo ta ƙagaggun labaran kimiyya. Wata na'ura ta sumar da Picard, cikin minti 25 ya rayu shekaru kusan 40 a matsayin wani mutum, Kamin, ya yi zaman aure, ya haifi 'ya'ya, ya ga jika, a wata duniya da ranarta ta ƙone ta shekara dubu da suka wuce. Mutanen sun yi haka ne don a sami mai tuna su. Ni duk lokacin da ya ɗauki sarewar nan a ƙarshe sai idona ya cika. Ita ranta ne ya ɓaci. Ta ce zalunci ne: a ba mutum mata da 'ya'ya ba da izininsa ba, a bar shi ya so su, sannan a ce masa duk sun mutu tun kafin a haifi kakanninsa, a miƙa masa sarewa. Na ji zafin a ƙirjina, na buɗe baki zan kare, na rufe. Har yau ba mu daidaita a kan wannan kashin ba. Ina ganin kyauta ce mai ciwo, tana ganin sata ce. Amma ranar ce karon farko da muka yi awa guda muna gardama a kan Star Trek kowa da hujjarsa, kuma na lura gardamar ta fi mini daɗi a kan yabon da na yi ta nema a baya.

Inda ta karɓi ragamar

Mun kalli wajen kashi 20 a haka, har muka iso The Best of Both Worlds, ƙarshen zango na uku da farkon na huɗu a 1990, inda 'yan Borg, wasu maƙiya rabi mutum rabi inji, suka kama Picard suka mayar da shi bakinsu, suka yi amfani da abin da ke kansa suka ragargaza kumbunan Starfleet 39 a wani wuri da ake kira Wolf 359, mutum kusan 11,000 suka mutu. Shirin ya nuna tarkacen jiragen ya wuce. Ita ba ta wuce ba. Ta ce, "To iyalan waɗancan fa? Shi an ceto shi, su shi ke nan?"

Amsa ɗaya aka ba ni dama, na ba da ita: akwai wani shiri da ya fara daga cikin ɗaya daga jiragen nan. Ta ce shi za mu kalla.

Deep Space Nine shi ne wanda na fi rainawa. Na kalle shi sau ɗaya a gurguje, ina ganin tasha ce a tsaye wuri ɗaya, ba a zuwa ko'ina, ga siyasa ga rigimar addini. Kashin farko, Emissary, ya buɗe da Benjamin Sisko, wanda Avery Brooks ya fito a matsayinsa, yana ƙoƙarin ciro matarsa Jennifer daga ƙarƙashin ƙarfe a jirgin da ke ci da wuta, aka janye shi da ƙarfi, ya tsira da ɗansa Jake kaɗai. Bayan shekara uku aka tura shi wata tsohuwar tasha kusa da duniyar Bajor, wadda Kardasiyawa suka mamaye shekaru da dama suka bar ta a wargaje. Da ya shiga gaban Picard ya kasa ɓoye ƙiyayyarsa. Na ɗan ji nauyi ganin gwarzona a idon wanda ya cutu ta dalilinsa. Ita ta ce yanzu ne aka fara faɗin gaskiya.

Duk abin da na raina shi ya riƙe ta. Tunda tashar ba ta motsi, wanda aka ɓata wa yau yana nan gobe, sai an zauna da shi. Ta so Kira Nerys, wadda ta girma tana yaƙin sunƙuru, yanzu kuma an ce ta sa kaki ta yi aikin ofis da baƙi. A Duet, inda wani Bakardashe ɗan ajiye takardu a sansanin gwale-gwale ya yi shigar shugaban sansanin don a hukunta shi, mutanensa su amsa laifinsu, ta yi kuka, kuma ba ta ɓoye ba. A ƙarshen zangon farko da aka tayar da rikici a makarantar da Keiko O'Brien ta buɗe, a kan ko za a koya wa yara wata kafa da ke sararin samaniya kusa da Bajor a matsayin kimiyya ko a matsayin wuri mai tsarki kamar yadda Bajorawa suka yi imani, ita ce ta tsayar da fim. Ta yi mini bayanin yadda malami yake ji idan iyaye suka janye 'ya'yansu, da inda take ganin Keiko ta yi daidai da inda ta yi gaggawa. Na saurara har ta gama. Fiye da komai kuma ta so yadda Sisko yake riƙe ɗansa, yadda yake sumbatar kansa a gaban mutane, yadda bai tilasta masa shiga aikin soja ba da yaron ya ce rubutu yake so.

Wannan ya kawo mu kan The Visitor, a zango na huɗu, 1995. Wani haɗari ya ɓatar da Sisko a gaban idon Jake, ba a mace ba, ba a raye ba, yana bayyana na 'yan mintoci bayan shekaru. Jake ya bar rubutu, aurensa ya mutu, ya tsufa yana neman hanyar dawo da ubansa, a ƙarshe ya ba da ransa don hakan. Mahaifin maiɗakina ya rasu tana 'yar shekara 16. Mutumin da nake a watan farko da ya yi shiru ya zuba mata ido ya ga yadda abin zai buge ta, ya kira wannan nasara. Na karya sharaɗin rashin magana, na ce mata kashi na gaba a kan rashin uba yake, yana da nauyi, in tana so mu tsallake. Ta ce a bar shi zuwa wani makon. Bayan kwana tara ta ce ta shirya. Muka kalla, na kafe idona a kan allo daga farko har ƙarshe. Da aka gama ta ba ni labarin ranar da aka sallamo mahaifinta daga asibiti na ƙarshe, abin da ba ta taɓa gaya mini ba a shekara takwas.

Inda muke yanzu

Daga shirin 1966 ta kalli kashi shida kacal, ɗaya ne kuma ta yaba, The Devil in the Dark, inda aka gano dodon da ke kashe masu haƙar ma'adinai uwa ce mai kare ƙwayayenta. Kirk bai taɓa shiga ranta ba, na kuma daina sa rai. The Next Generation ta ga wajen kashi 30, zaɓaɓɓu. Voyager da Enterprise ba ta taɓa su ba. Wani abokina ya ce da na fara mata da Strange New Worlds na 2022, mai kashi goma a zango, hoto na zamani, kowane kashi da labarinsa, da ban sha wannan wahalar ba. Ina ganin ga wanda tsufan hoto ne kaɗai ke korarsa shawara ce mai kyau. A namu lamarin da wuya ta yi aiki, domin ko da me na fara, da na tsayar da fim na yi lacca, da na kare abin da bai kamata a kare ba.

Deep Space Nine kuwa mun bi shi a jere ba tsallake, ita ta hana a tsallake ko ɗaya, har da waɗanda na ce mata ba su da daɗi. Sau ɗaya a mako ya koma sau uku. Muna tsakiyar zango na shida, yaƙi ya yi zafi, kuma na san a ƙarshen wannan zangon akwai mutuwar wani daga cikin waɗanda take so. Ta fahimci akwai abin da nake riƙewa. Duk lokacin da aka shiga haɗari sai ta waiwayo ta karanci fuskata, ta ce wai gira ta tana tona asiri. Shekaranjiya ta ja kujerata ta mayar da ita bayan tata, ta ce, "Zauna nan, Malam, inda ba zan gan ka ba." Saura kashi 11.